Tarin Ɗanladi Mai Kadera

Ku yaran nan da kuke taruwa a bakin rumfata a nan unguwar Barroquinha kuna cewa in koya muku wanzanci, na san abin da ya ja ku. Kun ga tsoho zaune a inuwa yana shafa sabulu yana jan aska, bakinsa bai daina hira ba, mutane kuma suna kawo masa kawunansu da ƙafarsu. Kun gwada da dakon buhunan sukari daga bakin ruwa zuwa saman gari, kun ce wannan ai hutu ne. To ku samu wuri ku zauna. Aski shi ne ƙaramin abu a cikin zabirar nan, ko wanda bai da wayo zai iya shi kafin damina ta zagayo. Abin da ke da wuya shi ne ƙirjin mutum, kuma labarin ƙirji ɗaya zan ba ku.

Kan farko da na sa wa aska ba kai ba ne, ɗanyar gwanda ce. Baba Audu, tsohon wanzami Bakatsine, shi aka miƙa ni gare shi in koyi sana'a ba da daɗewa da sauke mu daga jirgin bayi a wannan ƙasa ta ƙetaren teku ba, ina yaro, ban ma gama sauya haƙora ba. Ya shafa wa gwandar sabulu ya ce in aske. Ɗanyar gwanda ko ƙwarzanarta ka yi sai ta fitar da farin ruwa. Da ya ga ruwan sai ya ce, "Ka yanki mutum," ya sakar mini ranƙwashi. Na yanki mutane da yawa a shekarar nan, kuma dukansu Baba Audu ya sa aka yi mana miya da su.

Sai da hannuna ya zauna sannan ya buɗe mini sauran zabirar. Ga aska ta kai, ga ƙarama ta tsaga, ga fatar wasawa. Ga hantsakin cire haƙori, wanda ko ganinsa mutum ya yi ciwon yakan lafa. Ga ƙahoni manya da ƙanana, da kakin zuma na toshe bakinsu. Akwai kuma matsattsaku da wanzaman nan ƙasar suke ajiyewa a cikin tulu, amma Baba Audu ba ya shiri da su, yakan ce abin da ba ya jin magana ba ya aiki da shi. Ƙaho kuwa da baki ake ja. Ka kafa shi a bayan mutum, ka zuƙe iskar, ka tura kakin da harshe ka toshe ba tare da ka saki numfashi ba. Ku da kuke cewa hutu ne, ku jira ranar da jinin wani zai fara taɓa muku harshe.

Kafin ƙaho akwai kunne. Baba Audu ba ya kafa wa mai tari ƙaho sai ya zaunar da shi, ya cire masa riga, ya manna kunnensa a bayansa ya ce ya ja numfashi. Haka ya riƙa danna kaina a bayan mutane har na fara bambancewa. Akwai busasshen tari da ke tsaye a maƙogwaro. Akwai mai fito, na masu asma. Akwai kuma wanda za ka ji can ƙasan haƙarƙari kamar tukunya ta fara tafasa, ga zazzaɓi, ga suka a gefe, ga majina mai launin tsatsa. Wannan shi ne mai kisa, kuma shi ne mai wayo, don yakan yi kamar ya tafi.

Wani mai aikin naɗin taba a sito a ƙasan gari shi ya fara nuna mini tari mai dawowa. Mu yi masa ƙaho, mu ba shi citta da kanumfari da zuma, ya warke, ya koma cikin ƙurar taba, ya dawo mana. Wata mai wanki kuma, Bayarabiya, irin mutanen da a nan ake kira Nago, ita nata tarin a cikin ruwan tafki yake, inda take yini tsaye da jiƙaƙƙen zane. Mafi yawa kuwa 'yan dako ne, waɗanda da zarar zazzaɓi ya sauka sai su miƙe su ɗauki gammo, ko don maigida ba ya jira, ko don ciki ba ya jira. Ciwon bai ƙare ba, kwanciya ya yi. Baba Audu yakan ce mini, "Tanko, ruwa ba ya tsami banza. In ka ga tari ya dawo, kada ka ƙara ƙaho, ka tashi ka nemi inda yake kwana." Ya rasu yana gaya mini haka, na gaji rumfar da zabirar.

Yanzu bari in gaya muku wane ne Ɗanladi. Sarƙa ɗaya aka sa mana a cikin jirgi, ƙafarsa ta dama da tawa ta hagu. Daga ƙasar Zazzau aka kamo mu duka, ko da yake ba gari ɗaya ba. Wanda kuka zo jirgi ɗaya da shi, a garin nan ya fi wanda kuka sha nono ɗaya, kuma ɗan jirgina nake kiransa har ya bar duniya. Ya girma ya zama dogo mai faɗin kafaɗa, ya shiga ɗaukar kadera, kujerar nan mai labule da mutum biyu ke saɓawa a kafaɗa su hau da masu hali daga ƙasan gari zuwa sama. Mutum ne mai barkwanci. Yakan rera wa Baturen da ya ɗauka waƙa da Hausa yana zagin tumbinsa, Bature na jin daɗi yana kaɗa ƙafa.

Ya sha wuya kafin ya fanshi kansa, matarsa Hajara mai ƙosai a dandalin Largo do Teatro ita ma haka. Da suka ga sun zama nasu na kansu, sai suka ƙudura abu ɗaya: su shiga jirgin da ke zuwa Ikko, daga can su nausa arewa. Ɗanladi bai san ko akwai wanda ya rage a garinsu ba. Abin da yake tunawa kawai wani dutse ne a bayan gari da awaki ke hawa, da sunan uwarsa. Ya ce ko dutsen ya gani ya isa. An sa musu tafiya bayan ɗaukewar ruwa. Amma kowa ya san dokar masu jirgin nan, ba sa ɗaukar mai tari, don mai tari ɗaya a cikin cunkoso yakan lalata musu tafiya gaba ɗaya.

Shekarar ita ce muguwar shekarata. Ruwa ya sauko ya ƙi ɗaukewa, gefen tudu ya zaftare ya danne gidaje, bangon kowane ɗaki yana gumi. Ranar da Hajara ta fara kirana, na iske Ɗanladi kwance a ɗakinsu da ke wajen unguwar Pelourinho, jiki kamar garwashi, yana dafe da haƙarƙari. Na sa kunne na ji tukunyar nan. Na kafa masa ƙaho a ɓarin da ke suka, na haɗa masa abin sha, na sa Hajara ta riƙa daka masa wani ganyen magani da ake kira mastarus da madara kamar yadda 'yan ƙasa ke yi. Allah ya taimaka ya tashi. Yana tashi ya koma ƙarƙashin sandar kadera, cikin ruwan nan. Da ya sake faɗuwa ban yi mamaki ba, na ce ai ga dalili.

Karo na biyu Hajara ta ɓoye gammon kafaɗarsa, ta kuma je ta yi wa abokin ɗaukarsa kashedi da ludayi a hannu. Ya kwanta har ya gaji da kwanciya, har ya fara yi mana tsiya yana cewa mun mai da shi amarya. Ba ya zuwa ko'ina sai salla. Na saurari bayansa, shiru. Ba a jima ba tarin ya dawo, ya fi na da ƙarfi. A nan ne na fara tsorata, don ba aiki, ba ƙurar taba, ɗakinsu kuma a sama yake, yana da taga, Hajara da ke kwana kusa da shi ko atishawa ba ta yi.

Ina da wani aboki masunci a Itapagipe, can bakin teku inda gidaje ba su matse ba. Na kai masa Ɗanladi. Iska, rana in ta fito, kifi safe da yamma. Ya dawo da kumatu, yana tsokanar kowa. Ya je ya gode wa Allah a wurin Malam Isa, aka yi masa addu'a. Kafin wata ya mutu Hajara ta sake aiko mini.

Malam Isa shi ne limaminmu. A lokacin shi kaɗai ya rage a unguwar nan da Alƙur'ani duka a kansa. Bayan tayar da ƙayar bayan da aka yi tun muna yara, wadda aka yi ta kashe Musulmi a titi, an kama shi an yi masa bulala har bayansa ya zama kamar gonar da aka yi wa huɗa, bai faɗi sunan kowa ba. Shi ke raɗa wa 'ya'yanmu suna, shi ke sallatar gawarmu. Yana zaune a loja, wato ɗakin ƙarƙashin bene, a ƙasan gidan wani mai sayar da yadi. Ɗakin ba shi da taga sai wata 'yar kafa daidai da ƙafafun masu wucewa, ita ma tun zamanin kamen nan aka cusa mata buhuna aka liƙe, don kada sautin karatu ya fita 'yan sanda su ji. A nan muke taruwa, kafaɗa da kafaɗa. A shekarar nan mun yi ta ɗaukar gawa daga cikin masu taruwar, muna cewa damina ce.

Askin wata safiyar Juma'a shi ya buɗe mini ido. Na je yi wa Malam gyaran fuska kamar kullum. Ina tallafe da haɓarsa sai na ji ɗan tarin nan nasa ya motsa a tafin hannuna, ƙasa-ƙasa, wanda ya yi shekaru yana yi muna ce masa tarin tsufa. Bai taɓa kwantar da shi ba. Ina cikin askin aka shigo da wani mara lafiya, sai na ja gefe. Malam ya zaunar da shi gwiwa da gwiwa, ya kama kansa da hannu biyu, ya yi karatu ya tofa masa a fuska da ƙirji. Ya karanta a cikin ƙwaryar ruwa ya tofa, mara lafiya ya sha, sauran aka zagaya da shi don albarka. An bar ƙofa a buɗe don in ga abin da nake yi, haske ya faɗo daidai bakin Malam, na ga feshin yana tashi yana sauka.

Na tsaya da aska a hannu ina tuna waɗanda muka binne. Duk na sahun gaba ne, masu zama kusa, masu ƙaunar Malam. Ɗanladi kuwa, duk sanda ya fara samun sauƙi, wurin da muke fara kai shi ke nan a yi masa tofi, kuma da ya fi jin jiki sai mu ƙara yawan kai shi. Mashayanmu da ba a ganinsu sai ranar idi, lafiyarsu ƙalau. Ni kaina da ba na leƙowa sai Juma'a, Allah ya yafe mini, ko mura ban yi ba. Yanzu ɗaliban likita da nake yi wa aski suna gaya mini wasu ƙwayoyi ne masu rai da ido ba ya gani, sukan yi gida a ƙirjin wani ba su kayar da shi ba, su bi yawu da numfashi su shiga wani. Sun ce magani yakan rage su ne, in mutum ya tashi da wuri su sake taruwa, in kuma ya koma inda ya ɗebo su ya ɗebo sababbi, musamman ƙirjin da ya taɓa tsagewa. Ni ban taɓa ganinsu ba, amma na ga aikinsu tun kafin a ba su suna.

Da mutane suka fita na koma kan askin, hannuna ya ƙi tafiya. Yaya za ka gaya wa mutum irin wannan magana irin wannan? Shi ne ya sauƙaƙe mini.

Ya ce, "Tanko, askarka ta tsaya, idonka kuma yana kan bakina tun ɗazu. Me ka gani?"

Na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, ina neman afuwa. Ba addu'ar ba ce, wallahi ba ita ba ce. Ƙirjin da take fitowa daga ciki ne."

Can ya ce, "Sa kunnenka." Ya juya mini bayan nan mai tabo, na manna kunne. Tana nan, can ƙasa, tana tafasa a hankali.

Ya ce, "Su wa da wa?"

Na faɗa masa sunayen. Da na gama ya ƙara mini wani da na manta, wani tsoho da ke wanke masa allo. Ya yi salati, hawaye suka bi ta cikin sabulun da ke fuskarsa. Sannan ya ce, "Gama askinka, Juma'a ce."

A ranar, bayan salla, ya gaya wa jama'a da bakinsa. Ya ce daga yau ba tofi, ba zagaya ƙwarya, kowa ya yi salla a ɗakinsa, mai son addu'a ya tsaya a bakin ƙofa zai yi masa daga ciki. Ya ce a cire buhunan kafar nan. Kowa ya sunkuyar da kai, don tsoron da ya shiga jikin mutum da bulala ba ya fita da magana. Shi ya hau kan turmi ya zare su da hannunsa.

Ba Malam aka ji haushi ba, ni aka ji. Aka ce wanzami ya wuce gona da iri, daga tsaga ya koma fatawa. Aka ce na raba marayu da ubansu. Wani dattijo da na yi wa 'ya'yansa kaciya ya tofar da yawu a gaban rumfata ya ce na kafirta. Kawunan da na saba askewa suka koma wurin wani Bayarabe a gangare. Na yi kwana da kwanaki ina wasa askar da ba ta da aiki. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Amma ɗaukar gawa ta ragu, kuma ko masu zagina sun lura, sai dai ba su faɗa ba.

Ɗanladi na sake kai shi Itapagipe. Na ce masa, "Ɗan jirgina, ba kai ba Barroquinha. In kana son ganinta ka hango ta daga kan teku ranar tafiya." Ya ce, "To, likitan gwanda." Wannan karon ya warke warkewa ta gaskiya. Na riƙa zuwa ina saurarensa, dama da hagu, sama da ƙasa, ba abin da nake ji sai iska tana shiga tana fita. Na sa shi ya hau tudu da gudu ya sauko, bai yi tari ba. Na dawo na ce wa Hajara ta fara ɗaure kaya. Ta sayar da kaskonta, ta sayi taba da 'yan yaduka na tsaraba ga mutanen da ba ta san ko suna raye ba.

Ruwa na ɗaukewa Malam ya faɗi. Ko tarin ne ya ga dama a ƙarshe, ko kaɗaici ne ya buɗe masa hanya, Allah ne masani. Ya hana kowa shiga. Mata su kai abinci su ajiye a bakin ƙofa, ya jawo da sanda. Ni nakan shiga in juya shi in fito da sauri, na rufe hanci da rawani. Na gargaɗi kowa kada labari ya kai Itapagipe. Amma masu tallar kifi kullum suna kan hanya, kuma bakin mai talla ba ya da marfi.

Wata safiya na zo da kunu na tarar ƙofa a buɗe. Ɗanladi na zaune a ƙasa, kan Malam a cinyarsa, yana goge masa baki da gefen rigarsa. Ya share ɗakin, ya wanke tabarma ya shanya.

Na ce, "Fito. Fito yanzu, don girman Allah."

Ya ce, "Sannu da zuwa, Wanzam. Miƙo kunun tun bai huce ba."

Na ce, "Ka san abin da ke cikin ɗakin nan."

"Na sani mana. Ba kai ka gaya mini ba?"

"Jirgin fa? Hajara fa?"

Ya ɗago ya dube ni, ba wasa a fuskarsa, abin da ban saba gani ba. Ya ce, "Tanko, ranar da maigidana na farko ya sa aka zane ni, wa ya zauna yana cire mini tsumma daga cikin miki? Ba Malam ba ne? Ka tuna ai, kai ka riƙe masa ƙwarya. Yanzu in na isa gida aka ce wa ka baro a can, in ce musu me? In ce na baro shi ana tura masa tuwo a bakin ƙofa?"

Malam ya buɗe ido ya ce, "Na kore shi, Tanko, ya ƙi. Ba ni da ƙarfin sanda."

Na yi faɗa, na yi lallashi, na kawo Hajara ta yi kuka. Ya ce kwana kaɗan ne, kuma ga kafa a buɗe iska na shiga. Ban iya ɗaukarsa ba, mutumin da ya yi rayuwarsa yana ɗaukar mutane. Da Malam ya ga ba zai tafi ba, sai ya yi amfani da kwanakin. Ya koya masa wankan gawa, da yadda ake naɗa likkafani, da sallar da ake yi da abin da ake faɗa bayan kowace kabbara, don a cikinmu ba wanda ya riƙe su, duk mun dogara da shi. Muryarsa ta riga ta shige, sai Ɗanladi ya kai kunne bakinsa yake ji. Da ya cika, Ɗanladi ne ya wanke shi, shi ya shiga gaba muka bi. Mai kadera, mai zagin tumbin Turawa, ya yi mana limanci bai yi tuntuɓe ko ɗaya ba.

Askin ranar tafiya ni na yi masa, da sassafe, a bakin rumfar nan. Na yi masa ƙwal, na gyara gemu. Na ce ya cire riga in saurara, ya ce, "Bari, kada ka ɓata mini sabuwar riga." Da na ji haka na san ya sani. Na matsa masa har ya yarda. Tukunyar tana nan, ƙarama, a ɓarin hagu. Na ba shi zuma da kanumfari ya riƙe a baki, na ce kada ya yi magana, kada ya yi dariya, ya ja numfashi a hankali har sai an ɗaga anga.

A bakin ruwa ƙananan kwale-kwale ke kai mutane wurin babban jirgi. Wani ma'aikacin jirgi na tsaye a kan matakala yana duba kowa, ya buɗe ido, ya duba harshe. Hajara ta wuce, ta sauka cikin kwale-kwale da ƙunshinta a ka. Ɗanladi ya zo da akwati a kafaɗa, tsaye kyam. Mutumin ya dube shi ya yaba, har ya buga masa baya da tafin hannu irin na wasa, ya ce wuce. Bugun nan ne. Na ga wuyan Ɗanladi ya kumbura yana dannewa, ya taka mataki ɗaya, ya taka na biyu, sannan tarin ya ɓalle masa. Ya toshe baki da hannun farar rigarsa, da ya cire kowa ya ga abin da ke jiki.

Ba a yi doguwar magana ba, aka nuna masa hanyar da ya fito. Ya ajiye akwatin ya ɗaga murya ya ce wa Hajara, "Ki tafi. Ki je ki gano mana dutsen, zan biyo na baya."

Ta miƙe tsaye a cikin kwale-kwalen har yana tangaɗi, ta miƙo ƙunshinta sama ta ce a karɓa. Ta hawo matakalar tana haki ta ce, "Kai ka bar Malam ne, da za ka ce in bar ka?" Muka tsaya mu uku muna kallo har filafilan jirgin suka shige bayan ganuwar bakin teku. Ni na ɗauki akwatin muka hau tudu, muna tsayawa yana hutawa. Ban taɓa jin nauyin hawan nan kamar ranar ba.

Aikina na ƙarshe a kansa ba na ƙaho ba ne, don jinin da ya rage masa bai kai a ɗiba ba. Na sa aka ja shimfiɗarsa gindin taga. Na ware masa ƙwaryarsa da cokalinsa, na sa Hajara ta riƙa kwana a ɗaya gefen ɗakin, ta riƙa ƙona tsumman da yake tofawa. Abin da na sani duk na yi, ya ɗan ja kwanaki, amma ƙirjin da aka fasa sau da yawa ba ya sake haɗuwa. Kullum bayan la'asar nakan rufe rumfa in je in shimfiɗa tabarmata a bakin ƙofa, daga nan muke hira. In ce hira, ni ke yi, shi yana murmushi.

Wata la'asar ya yafito ni da yatsa. Na ce ina ji daga nan. Ya motsa baki, ban ji ba. Hajara ta sunkuya ta saurara, ta ɗago ta ce, "Yaya Tanko, wai yana tambaya wa zai sallace shi."

Na ce, "Gaya masa ya daina wannan magana. In lokaci ya yi Allah zai kawo."

Ta sake sunkuyawa. Ta ɗago idonta jawur ta ce, "Wai Allah ya riga ya kawo, ga ka nan zaune. Wai Fatiha da ƙulhuwallahu kaɗai ka iya, ya sani, amma kanka ba dutse ba ne. Wai abin da Malam ya ba shi ba nasa ba ne, kuma ba ya so ya bi ta bakina, kada wani harafi ya faɗi a hanya."

Na dubi tazarar da ke tsakanin tabarmata da shimfiɗarsa. Duk garin nan ba wanda ya fi ni sanin abin da ke cikin numfashin nan, ni na rasa rabin masu askina a kan faɗarsa. Ya ɗaga hannu da ƙyar ya dafa ƙasa kusa da kansa, yana kallona, leɓunansa sun riga sun fara karantawa.

Na naɗe tabarmata na shiga, na kai kunnena bakinsa.